Yadda Sa'a ta Lokoja Ta Sallami Surukarta

Sa'a 'yar Takawa shekararta sittin ko kusa da haka, mijinta ya daɗe da rasuwa, kaɗi ne sana'arta, kuma a duk Matameye ita kaɗai ce Kirista. Tana zaune a ɗakin ƙurya a gidan ƙanenta Inusa, wanda yake manomi. A wannan shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha biyar ta Hijira, in baƙo ya nemi zare mai kyau a kasuwa, sai a ce masa ya nemi na Sa'a ta Lokoja.

A Matameye aka haife ta. Tana da shekara goma sha biyu mahara suka kwashe ta a bayan gari, ita da wasu 'yan mata uku, sun je itace. Aka sayar da ita a Kano, daga Kano sai Bida, inda ta yi shekara goma sha biyar tana niƙa da ɗebo ruwa. Daga nan wani falke ya gangara da ita Lokoja, garin da Kwara ta haɗu da Binuwai. A can masu wa'azin Kirista suka fanshe ta, suka ba da ita riƙo ga wata tsohuwa mai tuyar ƙosai da ake kira Tata, Bakatsiniya, wadda ita ma ta ɗanɗani bauta har bayan teku kafin ta dawo.

Sa'a ba ta iya karatu ba, har yau. Duk abin da ta sani na Isa Almasihu daga bakin Tata ta ji shi, a gindin murhu, ana juya ƙosai. Da aka yi mata baftisma, wato wankan shiga addinin, ba ta gane komai sosai ba. Ita da bakinta takan ce ta shiga ne don Tata ce mutum ta farko, tun ranar itace, da ta tambaye ta ko ta ci abinci.

A Lokoja ta auri Manu, mai tuƙa kwalekwale. Ta haihu biyar. Huɗu na baya duk ta binne su kafin su yi wayo, na farin kaɗai ya tsaya, Lawwali. Da zazzaɓi ya ɗauke Manu, sai ta kama hannun yaron, lokacin yana da shekara goma sha shida, suka bi ayarin fatake zuwa arewa. Wata uku suka yi a hanya.

Ba wanda ya gane ta a Matameye. Sai da wani tsohon wanzami ya dubi zanen kumatunta ya ce wannan na gidan Takawa ne, aikin hannun ubansa, sannan aka kira Inusa. Shekararsa biyar lokacin da aka sace ta, yanzu ga furfura a gemunsa. Iyayensu duk sun rasu. A kwana na biyu wata maƙwabciya, cikin murna, ta gaya mata cewa ai har sadakar mutuwarta an yi, uwarta da kanta ta daka gumba aka raba. Sa'a ta yi dariya tare da matan. Amma maganar ta zauna mata a zuciya. Ashe tana can Bida tana niƙa, uwarta ta riga ta haƙura da ita.

Maganar addininta ba ta ja rigima ba. Malam Kadiri, limamin unguwa, ya sa aka kira ta, ya yi mata tambayoyi, ta ba shi amsa iya saninta. Ya ce ma'abota littafi ne, a bar ta da nata, illa kada ta koya wa yaran mutane. Ran Lahadi takan ajiye mazari, ta tafi gindin tsamiyar da ke bayan gida ta durƙusa. Inusa kan tsokane ta ya ce shi ma da ya san akwai addinin da ake hutu ana tsakiyar noma, da tuni ya bi ta, ita kuma ta ce masa ai shi kullum Lahadi yake. Lawwali kuwa kawunsa ya bi zuwa masallaci. Ba ta hana shi ba. Ya auri Maryama 'yar Idrisa daga Icirnawa, marainiyar uwa, yarinya mai shiru da saurin hannu.

Sai annoba ta shigo ta kashe shanu. Bayanta fara ta zo shekara biyu a jere, rumbuna suka koma wurin wasan ɓeraye. Lawwali, wanda aurensa bai cika shekara ba, ya ce zai bi Madugu Agali da jakuna, su kai kanwa kudu su ɗauko goro a Gwanja.

Ɗan fari ne, kuma duk shekarun da Sa'a ta yi a Lokoja ba su cire mata kunyar ɗan fari ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai wancan, ko yaron nan. Ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido da ido a gaban mutane. Ran tafiya da safe ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, tana kaɗi, matan gida suna tsakar gida suna gani. Ya ce ya zo sallama. Ba ta ɗaga kai ba, ta ce da mazarin, "To, a sauka lafiya." Ya ɗan jima a tsugune, sannan ya tashi. Matan suka yaba da kawaicinta.

Bayan wata goma sha huɗu ayarin ya dawo ba shi. Ba ta iya fita ta tambayi madugu ba, Inusa ne ya yi tambayar a zaure, ita tana bayan zana tana ji. Agali ya ce agana ce ta kama yaron a wani zango a ƙasar Bargu. Sun bar shi a hannun wata tsohuwa, da hatsi da ɗan kanwa, don ayari ba ya tsayawa mutum ɗaya. Da suka biyo ta nan a komowa, garin ya watse saboda yaƙi, ba tsohuwa, ba kabari, ba wanda za a tambaya. Ya ce shi bai ga gawa ba, ba zai ce ya gani ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita Sa'a ta riƙe. Da aka zo batun sadaka ta ce ba za a yi ba. Ita shekara talatin da shida ta yi kafin ta dawo, ga ta kuwa zaune. Kowace Lahadi roƙonta a gindin tsamiya ɗaya ne, Almasihu ya dawo da yaron nan kamar yadda ya dawo da ita. A ganinta dogara ke nan, ta tsaya a kan cewa zai dawo, kada ta bari ko shakka ta gifta. Tana tsoron ranar da ta yarda aka daka gumba, ranar ce za ta kashe shi da hannunta.

Wadda ta ɗauki nauyin wannan tsayuwa ita ce Maryama. Tana ɗakin mijinta, tana share shi, tana shanya rigarsa kada gara ta ci. Ba ta da goyo. Sa'o'inta suka yi yaye ɗaya, wasu biyu. Idrisa ya kai maganar auren 'yarsa gaban alƙali a Kance, aka ce a jira shekara huɗu. Shekarun suka cika. Malam Kadiri ya ce yanzu hanya a buɗe take, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sannan ta yi aure in ta so. Akwai ma wani majemi a Dungu da matarsa ta rasu, mutumin kirki, ya aiko da tambaya. Sau uku Idrisa yana zuwa a kan jaki ya tafi da 'yarsa, sau uku tana sunkuyar da kai ta ce sai Inna, wato Sa'a, ta ce ta tafi. Inna kuwa, duk lokacin da aka taso da zancen, sai ta tuna akwai audugar da ba ta gurza ba.

Ba mugunta ba ce. Sa'a na son yarinyar, tare suke cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Amma muddin Maryama na cikin ɗakin nan, Lawwali mutum ne da ya yi tafiya, yana da mata, yana da inda zai sauka. Ta lura dai wata rana Maryama ta tambayi mai tallan daddawa ko Dungu da nisa, kuma ko rijiyarsu na da zurfi. Ta yi kamar ba ta ji ba.

A damina ta biyar Sa'a ta gaji. Abinci ya daina yi mata daɗi, barci ya zama guntu-guntu. Zaren da ake yabo ya fara tsinkewa a hannunta, masaƙa suka fara dawo mata da shi. Ko kukan jaki ta ji a hanyar kudu sai ta miƙe, ta koma ta zauna. Addu'ar ma ta bushe mata a baki. Ta yi Lahadi uku a jere ba ta je tsamiya ba. Inusa ya tarar da ita tana kaɗi ya ce, "Yaya, yau ba ranar hutunku ba ce?" Ta ce wanda take kira ya ji ta shekara biyar, in yana da amsa ya san ɗakinta.

Da kaka ta zo, gero ya ɗan yi kyau, gida duka aka fita yanka. Da rana ta take, Sa'a da Inusa suka zauna a inuwar wata kanya a gefen gona suna shan fura, sauran suna can nesa. Ya sake taso da maganar Maryama. Ya ce yarinya tana tsufa a gidansa ba miji ba ɗa, har ya fara jin kunyar haɗuwa da Idrisa a kasuwa. A nan Sa'a ta faɗi abin da ta riƙe shekara goma sha biyu.

"Ni ba zan yi wa nawa abin da Inna ta yi mini ba. Ina raye ta daka mini gumba."

Inusa ya ajiye ludayi. Ya tambaye ta wa ya ba ta labarin. Ta faɗa. Ya ce to an ba ta wutsiyar labari an bar kansa.

"Shekara tara ta yi ba ta yarda ba, Yaya. Shekara tara. Kullum la'asar tana bakin hanyar da kuka bi. Ni na tashi ban san fuskar uwata ba sai ƙeyarta. In na faɗi na fasa gwiwa, maƙwabta ke wanke mini. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. Sai da ta zama kamar kara sannan ta ce a yi sadakar. Ranar da aka yi, ranar ta fara tambayata ko na ƙoshi."

Ya ce bayan haka uwarsu ta yi shekara bakwai, ta yi ƙiba, ta koma zuwa biki, kuma ba ranar da ba ta ambaci Sa'a a salla ba har ta rasu.

"Kin dawo bayan ta da shekara ashirin. Tsayuwarta a hanya ba ita ta dawo da ke ba, gumbarta kuma ba ta kashe ki ba."

Ya tashi ya koma yanka. Ita ta daɗe zaune, furar ta tsinke a ƙwarya.

Da yamma kowa ya ɗauki dami zuwa gida. Sa'a ta ɗauki wanda ya fi ƙarfinta, don ba ta son a ce ta tsufa. Ta iso tsakar gida wuyanta na rawa, ta kira Maryama ta sauke ta. Maryama ta kama damin da hannu biyu, amma Sa'a na riƙe da igiyar gam, suka tsaya suna ja. Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Inna, ki saki mana, ai na riƙe." Ta saki.

Tana zaune tana murza wuya sai Tata ta faɗo mata a rai. Ranar da aka binne ɗanta na huɗu a Lokoja, ta ƙi ci ta ƙi sha, tana ta kiran Almasihu. Tata ta zauna kusa da ita tana ɓare wake, ta ce mata tana ji tana kiran a sauke ta, amma hannunta na kan kayan. Ta ce shi ba ya ƙwace wa mutum kaya, sai mai kaya ya rusuna ya saki. Ta kuma ba ta labarin uwar Almasihu, wadda ta tsaya tana kallon ɗan farinta yana mutuwa a kan gungume, ba ta iya yi masa komai ba, shi kuwa cikin azabar nan ya dube ta ya nema mata wanda zai riƙe ta. Tata ta ce wanda ya yi haka ya san zuciyar uwa, ba sai an koya masa ba. A lokacin Sa'a ta ji maganar kamar ta'aziyyar da kowa ke yi. Shekara ashirin da wani abu ke nan.

Ran Lahadi da hantsi ta tafi tsamiya. Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara. Ta fara roƙon da ta saba, ta ji ba za ta iya ƙarasa shi ba. Sai ta shiga yi wa Almasihu magana kamar yadda take yi wa Tata. Ta gaya masa ta gaji. Ta gaya masa abin da bai taɓa fita bakinta ba, cewa yaron ya tsuguna a ƙofarta ba ta ɗaga kai ba, kuma wannan ne ke cinta fiye da agana da yaƙin Bargu. Ta ce ba ta san ko yana raye ba, ba ta san ko a masallaci zai same shi ko a kabari ko a gidan wani ubangiji yana niƙa, amma shi ya sani. Sannan ta duba hagu da dama, ba kowa sai awaki, ta buɗe baki.

"Lawwali," ta ce. Sunan ya yi mata nauyi a harshe kamar na baƙo. Ta sake faɗa. "Ga Lawwali nan, ɗana ne. Ka riƙe shi, ni na kasa."

Ta yi kukan da ba ta yi a bayan zana ba. Da ta gama ta jingina da tsamiyar, barci ya ɗauke ta har la'asar. Maryama ce ta zo ta tashe ta, ta kakkaɓe mata tururuwa daga zane.

Ba wani labari da ya zo daga kudu, a ranar ko bayanta. Sa'a ba ta ce ta ga wani abu ko ta ji murya ba. Abin da ta ce kawai, da Inusa ya tambaye ta, shi ne ta yi barci. Washegari ta ce ya kira Malam Kadiri. Ta ce tun da Lawwali tare da su yake salla, a yi masa sadaka yadda suke yi. Inusa ya ɗaga kai da ya ji sunan a bakinta. Malam ya tambaye ta ko ta yarda ke nan ya rasu. Ta ce ba ta ce ya mutu ba, ta ce dai ba a hannunta yake ba. Malam ya ce wannan kam gaskiya ce a kowane littafi.

Maryama ce ta fi wuyar lallashi. Ta zo ta tsuguna a gabanta ta ce, "Inna, in ya dawo fa?"

"In ya dawo ni zan tare shi a ƙofa. Ni zan gaya masa ni na sallame ki. Tashi, 'yar nan, kin yi abin da ya fi naki."

Maryama ta yi takabarta a gidan, wata huɗu da kwana goma. A cikin watannin nan Sa'a ba ta warke gaba ɗaya ba. Akwai ranakun da kukan jaki ke miƙar da ita kamar dā, akwai Lahadin da takan je tsamiya ta tarar ta sake ɗaukar abin da ta ajiye, sai ta sake miƙa shi. Ta ce da Inusa abin kamar sharar tsakar gida ne, ba a yinsa sau ɗaya. Amma tana cin tuwonta, kuma masaƙa sun daina dawo mata da zare.

Ran Alhamis da ta wuce Idrisa ya zo karo na huɗu. Sa'a da kanta ta ɗaure wa Maryama kayanta, ta sa mata zane ɗaya saƙin zarenta. Ta ce za ta raka su bakin gari, daga bakin gari ta ce sai fadama, daga fadama ta wuce har Icirnawa da ƙafa, ta ƙi hawa jakin. Ta kwana biyu a can, aka tsayar da maganar majemin Dungu a gabanta, ta sa albarka. Ta dawo ƙafafunta a kumbure.

Ta tarar Maryama ta bar mata kaza da 'yan tsaki bakwai a bayan ɗaki, ba ta gaya wa kowa ba. Kafin ta ankara shaho ya ɗauke ɗaya. Jiya da safe ta yanko kara ta zauna ta gyara musu akurki.